Ka zo karatun zane da talla a kwaleji a ƙasar waje? Zauna mu yi magana

Duk shekara in sababbi suka iso abu ɗaya nake gani, mutum ya zo da laftof cike da fosta da logo da ya yi shekara biyar yana haɗawa, ya iya Photoshop kamar me, yana ganin ai karatun nan takarda kawai ya zo karɓa. Nima haka na zo, sai da aikina na farko ya dawo da makin da ko nuna wa mutum ba zan iya ba sannan na dawo hayyacina.

Makonnin farko ko kwamfuta ba mu kunna ba. Baƙar takarda aka ba mu da almakashi da gam, wai mu yanka murabba'i huɗu mu jera su yadda duk wanda ya kalla zai ji tsoro, sannan mu sake jera su a ji cunkoso. Na ce a raina yanzu duk kuɗin makarantar nan wasan yara na zo yi? Ashe tsohuwar hanya ce, tun makarantar Bauhaus da Walter Gropius ya buɗe a Weimar ta Jamus a 1919 ake fara ɗalibi da siffa da launi da fili kafin a bar shi ya taɓa komai. Manhaja kam kowa zai koya a YouTube, su ido suke so su gyara maka.

Toh abin da ya fi kayar da mutanenmu shi ne littafin zane. Kai kana ganin aikin ƙarshe shi ne aiki, su kuma kaso mai tsoka na makin yana kan hanyar da ka bi har ka kai can, binciken da ka yi, ƙananan zane-zanen da ka gwada ka watsar, dalilin da ya sa ka bar wannan ka ɗauki wancan. Malamarmu sai ta ga zane talatin na fensir kafin ta yarda ka buɗe manhajar zane ta Illustrator. Kar ka yaga shafi don ya yi muni, munin ma maki ne.

Sai kuma kirit, wato ranar da kowa zai manna aikinsa a bango aji gaba ɗaya su yi ta fiɗarsa. Ranar farko wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige, yarinyar da ban taɓa yi wa magana ba ta ce rubutuna ya shaƙe ba ya numfashi, kowa ya gyaɗa kai. Ba raini ba ne, gobe kai ma haka za ka yi wa nata kuma ku fita ku ci gaba da hira. Mu da muka saba in malami na magana sai sunkuyar da kai, nan in ka yi shiru ɗauka suke ba ka yi tunani a kan aikin ba. In an tambaye ka me ya sa ja, kar ka ce ya yi min kyau ne, ka faɗi wa kake so ya gani da me kake so ya ji. Ka riƙa rubuta abin da aka faɗa, in zuciya ta huce za ka ga rabinsa gaskiya ne.

A ɓangaren talla yawanci bibbiyu ake haɗa ku, mai hoto da mai rubuta kalmomi, tsarin da Bill Bernbach ya yi suna da shi a kamfanin DDB na New York. Za a nuna muku tallarsu ta Volkswagen ta 1959, 'yar mota can a lungun shafi sauran duk fari fat, kuma nan ne za ka gane barin fili ba rowa ba ce. Ni da na saba cika ko'ina da ado sai da na yi zango guda ina yaƙi da hannuna.

Wajen bugawa ka kula. Launin fuskar kwamfuta RGB ne, na injin bugu CMYK, shuɗin nan mai ƙyalli da kake gani zai iya fitowa a dushe, dan haka ka buga gwaji tun da wuri. Hoto ya kai 300 dpi, wato ɗigo 300 a kowane inci, ka bar rarar gefe milimita 3 saboda yanka. In Amurka ko Kanada kake, takardarsu inci 8.5 da 11 ce ba A4 ba. Kuma daren miƙa aiki layin firinta ba ya ƙarewa.

Ga wata dama da sauran 'yan aji ba su da ita: yawancin font, wato salon haruffan kwamfuta, ba su da ɓ da ɗ da ƙ da ƴ, kana rubutawa sai ka ga akwati ko harafin ya canza kama. Noto na Google da Charis da Andika na SIL suna da su, na ajami kuma akwai Alkalami da Harmattan. Ranar da na nuna wannan matsalar a ajin haruffa ita ce ranar da malamin ya riƙe sunana. Amma kowane font da hoto ka duba lasisinsa, kwaso abu daga Pinterest ka ɗan canza launi satar fasaha ce a wurinsu, har kora tana jawowa. Hotunan AI kuma kowane malami da dokarsa, ka tambaya kafin ka taɓa.

Maganar neman na kashewa, a nan masu zane suke faɗawa rami, dan logo ɗaya a dare guda ake gamawa, sai mutum ya fara yi wa mutane ana biyansa. A Ingila bizar ɗalibi ta hana aikin kai, firilans yana ciki. A Amurka mai bizar ɗalibi ta F-1 aikin cikin makaranta ne awa 20 a sati lokacin karatu, in za ka je koyon aiki a kamfani sai ofishin ɗaliban ƙasashen waje ya ba ka izinin CPT, bayan gamawa kuma akwai izinin aiki na OPT na wata 12. Dokokin nan suna canzawa, ka je ofishin da ƙafarka, kar ka dogara da abin da aka ce a guruf.

Tun zangon farko ka fara tara fotfoliyo, wato kundin ayyukanka da za ka nuna, aiki goma masu kyau sun fi arba'in tarkace, kowanne ka sa zanen fensir ɗinsa a gefe. Asusun Adobe da makaranta ta buɗe maka rufewa yake in ka gama, ka riƙa kwafe fayilolinka a hard disk ɗinka da wani wuri na biyu, na manhajar InDesign kuma ka yi musu fakej, wato ka tattara komai a folda ɗaya, dan hotuna da font su biyo su.