Yadda za ka tsara biyan bashi, ka kuma fuskanci masu bin ka

Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, kayan masarufi suka yi tashin gwauron zabi, magidanta da yawa suka shiga cin bashi ta ko'ina: kwanon shinkafa a wurin mai shago, dubu ashirin a manhajar waya, rancen banki a kan albashi, ga kuma wani abu a hannun ɗan'uwa. Kowanne shi kaɗai ba abin tashin hankali ba ne. Sai ranar da wa'adinsu ya haɗu a mako ɗaya, mutum ya fara kashe waya, ya sauya hanyar zuwa masallaci don kada ya bi ta ƙofar shago. A ganina wannan ɓuyan ya fi bashin kansa ɓarna. Mai bin bashi yakan jure jinkiri, amma da wuya ya jure a raina masa hankali.

Mataki na farko: rubuta komai

Nemi littafi, ba guntuwar takardar da za ta ɓace a aljihu ba. Kowane bashi ka ba shi layinsa: sunan mai bi, uwar kuɗin, abin da ya hau kai na ruwa ko tara, ranar biya, da abin da zai faru idan ranar ta wuce. Kada ka dogara da abin da ke kanka. Je wurin mai shago ka ce ya buɗe maka littafinsa ku lissafa tare. Je banki ka nemi a buga maka bayanin rancen, ka ga nawa ka biya, nawa ya rage. Manhajar waya kuwa ka ɗauki hoton shafin da ke nuna abin da ake bin ka, da kwanan watan, saboda adadin yana sauyawa kullum.

Wanda ya taɓa cin bashin banki ko na manhaja ya duba sunansa a kamfanonin da ke ajiye tarihin masu rance. Uku ne masu lasisin Babban Bankin Najeriya: CRC, da FirstCentral, da CreditRegistry. A can ake gano tsohon bashin da aka manta, ko wanda aka biya amma ba a goge ba.

Rubuta bashi ba rashin yarda ba ne. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kansa ta sauka. Ka kuma nuna wa maiɗakinka ko wani amintacce inda littafin yake, domin idan ta Allah ta kasance, sai an biya bashi kafin a raba gado.

Mataki na biyu: gano abin da za ka iya biya da gaske

Mu ɗauki misalin malamin makaranta mai albashin naira 120,000. Banki yana cire 25,000 duk wata kafin kuɗin su iso hannunsa, saura 95,000. Abinci, kuɗin mota, wuta, magani da abin da yake warewa na haya da makarantar yara sun cinye 65,000. Abin da ya rage, 30,000, shi ne kuɗin biyan bashinsa. Ba 50,000 da yake fatan samu idan an biya shi kuɗin darasin yamma ba. Da abin da ke hannu ake yin alkawari. Abin da ya shigo daga baya ƙari ne.

Ga abin da ake bin sa ban da na banki: manhaja 40,000, mai shago 35,000, yayansa 100,000, sai adashin da ya riga ya kwasa, saura zubi uku na dubu goma-goma.

Kada a taɓa kuɗin abinci da na magani don a burge mai bin bashi. Wanda ya yi haka, kafin tsakiyar wata zai koma ya ci sabon bashi. Inda ake matsewa shi ne kuɗin data, anko, gudummawar biki da ta wuce ƙarfi, da ɗinkin da zai iya jira.

Mataki na uku: wa za a fara biya?

Masana harkar kuɗi sukan kawo hanya biyu: ko a fara da bashin da ruwansa ya fi yawa, ko a fara da mafi ƙanƙanta don a ga ana ragewa, zuciya ta samu ƙarfi. Duka biyun suna da amfani, sai dai a wurinmu akwai tambaya ta uku da lissafi ba ya nunawa: wa jinkirina zai fi cutarwa?

Adashi ba a wasa da shi. Idan malamin nan ya fasa zubi, ba uwar adashi kaɗai ya cuta ba, ya cuci wadda ke jiran kwasarta don ta biya kuɗin asibiti ko ta sari kaya. Saboda haka dubu goman nan ta fita tun ranar albashi. Mai shagon unguwa ma jarinsa bai taka kara ya karya ba; naira 35,000 a littafinsa kaya ne da bai iya sarowa ba. Ko dubu biyar ce a riƙa kai masa duk wata, sannan abin da za a saya daga yanzu a saya da kuɗi hannu, a wurinsa. Babu abin da ke ƙona ran mai shago kamar ya ga wanda yake bi ya wuce da leda daga shagon gaba.

Manhaja ita ce gobarar da za a fara kashewa. A ce tararta kashi 1 cikin 100 ce a kowace rana: naira 400 ke nan a kan 40,000, wato 12,000 a wata. Idan malamin yana zuba 15,000, dubu uku kacal ke taɓa uwar kuɗin. Shi ya sa dole ya nemi a tsayar da tarar, ko ya sayar da wani abu, tsohuwar waya ko tunkiya, ya rufe ta gaba ɗaya. Ga Musulmi ma akwai nauyin riba a wuya, wanda shi kaɗai ya isa dalilin gaggawa.

Idan aka tsayar masa da tarar, watanni uku na 15,000 sun kashe manhaja, adashi ya ƙare, mai shago ya karɓi 15,000 saura 20,000. A wata na huɗu dukan dubu talatin ɗin ta dawo hannunsa: ya sallami mai shago, ya kai wa yayansa 10,000. Wata na biyar, na shida da na bakwai, talatin-talatin, na yaya ya ƙare. Sai na banki kaɗai. Sirrin shi ne kuɗin bashin da aka gama biya ba sa komawa cefane, gaba suke wucewa zuwa bashi na gaba.

Mataki na huɗu: je ka same su kafin su neme ka

Nan ne aikin yake, nan ne kuma mutane suka fi jin nauyi. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma wanda za ka je wurinsa shi ma ya san haka. Ka je kafin ranar biya, ba bayanta ba. Ka je da ƙafarka idan mutum ne da kuke ganin juna. Saƙon waya ba ya maye gurbin gaisuwa. Ka je da abu uku: gaskiyar halin da kake ciki a taƙaice, adadin da za ka iya, da ranar da za ka kawo. Idan da hali ka riƙe wani abu a hannu, ko yaya yake.

Wurin mai shago, ka bari sai ba kowa a gaban kanta, bayan an gaisa ka ce: "Alhaji, na zo ne a kan lissafinmu. Dubu talatin da biyar ne, ban manta ba. Ba zan iya kawowa a dunƙule ba, amma ga biyar yanzu, kuma duk ranar da albashi ya shigo zan kawo biyar, a wata na huɗu in cika sauran in Allah ya yarda. A rubuta a gabana."

Wurin ɗan'uwa an fi yin sakaci, don ana ganin ba zai kai ƙara ba. Ba zai kai ba, amma zumunci ne ke lalacewa a hankali, har 'ya'ya su gada. Ka ce masa: "Yaya, kuɗinka suna raina. Akwai masu ruwa da nake so in fara kashewa, ka ɗaga mini ƙafa wata uku. Daga na huɗu zan fara kawowa." Mafi yawan 'yan'uwa ba kuɗin ne ke damun su ba kamar shirun.

Kada ka yi alkawarin da ya fi ƙarfinka don kawai a rabu lafiya. "Gobe in sha Allah" sau uku ta isa ta zubar da mutuncin shekara ashirin. Kada kuma ka shiga dogon labarin matsalolinka, shi ma yana da nasa. Idan ya yi faɗa ka saurara, haƙƙinsa ne a hannunka. Addini ya ja wa kowane ɓangare layi: aya ta 280 a Baƙara ta umarci mai bi ya saurara wa wanda ke cikin ƙunci har ya samu sauƙi, hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito kuma ya kira jinkirin mai hali zalunci. Wanda ya nemi sassauci alhali an gan shi da sabon babur, shi ya rufe wa kansa ƙofa.

Banki kuwa da takarda ake magana da shi. Rubuta wasiƙa zuwa ga manajan reshe, ka sa lambar asusunka, ka bayyana abin da ya sauya, ko rasa aiki ne ko rashin lafiya ko jinkirin albashi, ka nemi a sake tsara biyan, a tsawaita wa'adi a rage abin da ake cirewa duk wata. Ka yi kwafi biyu, a buga maka hatimi a ɗaya ka tafi da shi. Ka tambayi jimillar abin da za ka biya a sabon tsarin kafin ka sa hannu, domin tsawaita wa'adi yakan ƙara yawan ruwa. Ka kuma sanar da wanda ya tsaya maka tun wuri, kada ya fara ji daga bakin banki.

Wasu sukan kwashe kuɗinsu su mayar wani banki don su tsira. Tun 1 ga Agustan 2020 wannan dabarar ta daina aiki. Tsarin GSI na Babban Banki ya ba bankin da ke bin ka damar cire kuɗi daga sauran asusunka da ke ɗaure da BVN ɗinka, bisa izinin da ka sa wa hannu ranar karɓar rancen. Abin da aka yarda ya cira shi ne uwar kuɗi da ruwanta, ban da tara. Idan ka ga an cire fiye da haka, ka fara kai kuka bankin a rubuce, idan bai warware ba ka wuce sashen kare masu hulɗa da bankuna na Babban Bankin.

Mataki na biyar: san iyakar mai bin bashi

Ana bin ka kuɗi ba ya nufin an mallake ka. Wasu manhajojin sukan tura saƙo ga duk lambobin da ke wayar mutum suna kiran sa ɓarawo, har da hotonsa. Wannan ya saɓa wa doka. Hukumar FCCPC mai kare haƙƙin masu sayen kaya ta kai samame ofisoshin irin waɗannan kamfanoni a Legas a watan Maris na 2022, daga baya ta wajabta musu rajista, kuma tana wallafa sunayen waɗanda ta amince da su a shafinta na intanet. Google ma tun ƙarshen Mayun 2023 ya hana manhajojin rance leƙa lambobi da hotunan da ke wayar mutum. Idan aka yi maka haka, kada ka rama da zagi. Adana saƙonnin da lambobin da suka turo, ka kai ƙorafi FCCPC da hukumar kare bayanan jama'a ta NDPC. Ka riga su sanar da iyalinka da shugabanka a wurin aiki, barazanar ta rage kaifi. Sannan ka biya abin da ka ci ta asusun kamfanin da ke cikin manhajar, ba asusun wani ma'aikaci da ya kira ka ba.

'Yan sanda ma ba masu karɓar bashi ba ne. Sashe na 32 na Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ya hana kama mutum a kan saɓa yarjejeniya kawai, dokar ta kuma hana kama wani a madadin wani. Amma a kula: idan da yaudara aka karɓi kuɗin, ko amana aka ci, magana ta zama ta laifi. Haka wanda ya ba da cekin banki alhali babu kuɗi a asusun, dokar 1977 ta tanadar masa ɗaurin shekara biyu. Kada ka rubuta ceki don ka kwantar da hankalin kowa.

Idan magana ta ƙi daidaituwa tsakaninku, a nemi mai shiga tsakani tun kafin a kai ga kotu: mai unguwa, limami, shugaban kasuwa, ko ofishin Hisbah a jihohin da take, irin su Kano, inda sulhun bashi yake cikin ayyukan yau da kullum. Duk abin da aka amince a rubuta, shaidu biyu su sa hannu. Idan kuma sammaci ya zo, ka je. Alƙali yakan saurari wanda ya amsa bashinsa ya zo da tsarin biya, wanda bai zo ba kuwa sai a yanke hukunci a bayansa.

Wanda bashi ya yi wa katutu ta hanyar halal, ba shi da mafita, kada ya ji kunyar neman zakka. Aya ta 60 a Suratut Tauba ta lissafa masu bashi cikin mutum takwas da ake ba wa.

Mataki na shida: riƙe shaida har ƙarshe

Duk biyan da ka yi ya bar alama. Idan ta banki ka tura, adana rasit ɗin, ka rubuta dalilin turawar a wurin bayani. Idan hannu da hannu ne, a rage a littafi a gabanka, kai ma ka rubuta a naka. Kada ka ci sabon bashi don biyan tsoho, musamman daga wata manhajar zuwa wata, sai fa idan rance ne marar ruwa daga ɗan'uwa ko ƙungiyar ma'aikata da zai kashe mai ruwa gaba ɗaya. Watan da abu ya faru ba za ka iya cika alkawari ba, ka kira kwana biyu ko uku kafin ranar, ka kai abin da ya samu.

Ranar da ka gama da banki ko manhaja, nemi takardar shaidar cewa ba a bin ka komai, ka soke izinin cire kuɗi da ka ba su a katinka, ka goge manhajar. Bayan wata biyu ka sake duba sunanka a kamfanonin tarihin rance. Idan har yanzu bashin yana nan, ka aika musu kwafin takardar su gyara.