Kurakuran da ke kashe littafi tun kafin ya shiga kasuwa

Yawancin ƙagaggun labaran da ake rubutawa yau a waya ake buga su, kuma tun ba a kai ƙarshe ba ake fara sakinsu a zaurukan WhatsApp. Daga nan matsala take tasowa. Marubuciya ta saki shafi biyar, masu karatu suna ta "Anti, a ƙaro mana", sai ta ci gaba ba tare da ta san inda labarin zai tsaya ba. Can a shafi na sittin, yarinyar da aka ce marainiya ce sai ga mahaifinta zaune a wurin ɗaurin aurenta. Maganin wannan matsala shi ne takarda ɗaya: a rubuta sunan kowane ɗan wasa, shekarunsa, garinsu da dangantakarsa da sauran, a ƙasa kuma a rubuta yadda labarin zai ƙare cikin layi uku. Kada a saki komai sai an rubuta aƙalla rabi.

Sai buɗe labari da siffanta kyau: fara ce, doguwa, dara-daran idanu, gashi har gadon baya. Mai karatu ya haɗu da wannan yarinyar sau ɗari, ya gaji da ita. A fara daga inda rigima ta tashi, kamanni su riƙa fitowa kaɗan-kaɗan. Mai shirin shiga gasar Hikayata ta BBC Hausa, wadda aka fara a 2016, ta tuna cewa kalma 1,000 zuwa 1,500 ake nema. Idan 300 suka tafi a kan hanci da gira, da me za a ba da labarin?

Inda aka fi yin ɓarna shi ne ƙa'idojin rubutu. Haruffa masu lanƙwasa, wato ɓ, ɗ da ƙ, su ke raba ma'ana. Wanda ya rubuta "baki" yana nufin "baƙi", ko "kafa" yana nufin "ƙafa", ko "bata" a madadin "ɓata", ya bar mai karatu da canke. Madannin Hausa na waya yana da su duka, saka shi ba ya cin minti biyu.

Raba kalma da haɗa ta ya fi wannan wahala. Wakilin suna na mallaka manne yake: "gidansa", "motarta", ba "gidan sa" ba. Amma wanda aiki ya faɗa wa a ware yake: "ya gan ta", "na ba shi". Ana haɗa "yana", "suna", "yake", "yakan", ana raba "ya ce", "za ta", "ba ya". Dubi bambancin "ba ya zuwa" da "baya", ko "akan yi haka" da "a kan tebur". Mai gyara da ya ga "yace" sau goma a shafin farko ya riga ya san irin aikin da ke gabansa. Hanya mafi sauƙi ita ce a yi amfani da wurin bincike na manhajar rubutu, a nemo kowane kuskure ɗaya bayan ɗaya a cikin littafin gaba ɗaya.

Karin harshe ba laifi ba ne a bakin ɗan wasa. Basakkwace ya yi Sakkwatancinsa, ɗan boko ya yi ingausarsa idan halinsa ke nan. Muryar mai ba da labari ce ya kamata ta tsaya a daidaitacciyar Hausa. Abin da ba ya shiga shi ne tsohuwa a ƙauye ta yi magana irin ta jikarta 'yar jami'a.

Idan an gama, a ajiye rubutun mako biyu, sannan a karanta shi da ƙarfi. Duk inda harshe ya sarƙe, jimlar ce ba ta zauna ba. A kuma ba wanda ba ya jin kunyar marubucin ya duba. Ƙawa yabo za ta yi.

Wajen ɗab'i, a kai wa maɗaba'a aikin a PDF, don in an kai shi a Word haruffa masu lanƙwasa kan rikiɗe su koma akwatuna. A nemi kwafin gwaji a karanta kafin a ce a buga dubu. Injin yana buga shafuka ne takwas-takwas ko goma sha shida-goma sha shida, saboda haka littafi mai shafi 130 kuɗin 136 ko 144 zai ci. Rage shafi biyu ya fi arha. Lambar ISBN kuwa, wato lambar shaidar littafi, daga Laburaren Ƙasa ake karɓarta a Najeriya.

Idan furodusa ya zo neman labari, "mun yi magana" ba yarjejeniya ba ce. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022 ta ce sai a rubuce ake miƙa haƙƙi. A rubuta nawa za a biya da yaushe, fim ɗaya ne ko mai dogon zango, sunan wa zai fito a allo, da kuma ko marubuci zai ci gaba da sayar da littafinsa bayan fim ya fita.