Darasi na Tara: Mu Ƙera Ɗan Jirgin Tururi Irin na Binuwai

Wanda ya tsaya a kan gadar Garwa, a arewacin Kamaru, da rani ya leƙa Binuwai, rairayi zai fi gani a kan ruwa. Shanu na ratsawa, mata na wanki a ɗan abin da ya saura. Da wuya yaron yanzu ya yarda cewa a nan ne jiragen tururi ke tsayawa su sauke gishiri da siminti da kananzir da yadi, su ɗauki gyaɗa da auduga, har da audugar Cadi da ake kawowa a mota. To, an yi haka, kuma ba mamaki a ajin nan akwai dattijon da ya ji kukan jirgin da kunnensa yana yaro.

Daga bakin teku suke tasowa, wajen Burutu a Najeriya, su bi kogin Kwara har Lokoja, su shiga Binuwai, su wuce Makurɗi da Yola, sannan su iso mana. Tun 1854 wani jirgin tururi mai suna Pleiad ya shigo Binuwai, ƙarƙashin wani likita Bature, Baikie. Zuwa Garwa kuwa sai damina ta yi nisa, kogi ya cika, wajen Agusta da Satumba. Ruwa na fara ja, jirgi ya juya, in ya yi sanya ya kwana a rairayi har baɗi. Yaƙin basasar Najeriya na 1967 zuwa 1970 ya tare hanyar, jirgin ƙasa ya iso Ngaundere a 1974, aka gama madatsar Lagdo a kan Binuwai a 1982, ciniki ya koma kan titi.

Yau za mu ƙera ƙaramin irinsa da hannunmu. Ba wasan yara na kira ku ba. A cikin aikin nan akwai awo, akwai rabawa, akwai karanta lamba a jikin rula, abubuwan da kafinta da tela da magini ke ci da su kullum.

Yadda jirgin yake

Kun san murfin tukunya yana rawa in ruwa ya tafasa. Wannan ƙarfin ne ke tafiyar da jirgin. Ana hura itace ko kwal a ƙarƙashin wata ƙatuwar tukunyar ƙarfe da ke rufe ruf. Tururi ya rasa mafita, sai ya bi bututu ya riƙa tura wata sandar ƙarfe gaba da baya. Sandar ta juya wata babbar ƙafa mai filafilai da ke bayan jirgin, filafilan su daki ruwa, jirgi ya tafi. Hayaƙin wutar kuma ya fita ta dogon bututu a sama.

Ku lura da gindinsa. Jirgin teku yana da ciki mai zurfi, na kogi kuwa shimfiɗaɗɗe ne kamar faranti. Binuwai ba ta da zurfi, tudun rairayinta kuma ba ya zama wuri ɗaya: inda aka wuce lafiya bara, bana sai a kafe. Wanda ya sassaƙa wa nasa gindi mai tsini ya yi jirgi, amma ba na koginmu ba.

Awon raguwa

A nan nake so mu daɗe. Ƙaramin jirgi ba ya kama da babba sai an rage kowane sashe nasa da lamba guda. Mu za mu ɗauki hamsin. Ana rubuta shi haka, 1:50, ana karantawa "ɗaya bisa hamsin". Ma'anarsa, santimita 1 a namu yana madadin santimita 50 a jirgin gaske.

Mita 1 santimita 100 ce. Raba 100 gida 50, ka sami 2. Ke nan kowace mita ta babban jirgi ta zama santimita 2 a hannunka. Ga sauƙin da ke ciki: faɗi tsawon abu da mita, ka ninka shi biyu, amsar ita ce santimitar da za ka auna.

A ce jirginmu tsawonsa mita 40 ne, faɗinsa mita 8, tsayin gangar jikinsa mita 2 da rabi. Namu zai zama santimita 80 a tsawo, 16 a faɗi, 5 a tsayi. Bututun hayaƙi mai mita 6 ya dawo santimita 12. Ƙafar filafilai mai faɗin mita 5 ta dawo santimita 10. Ƙofa mai mita 2 ta dawo santimita 4, mutumin da zai shige ta kuwa bai kai tsinken ashana ba.

Ido yakan yi gardama da waɗannan lambobi. Zai ce maka ƙofar ta yi ƙanƙanta, bututun ya yi gajarta, ƙara kaɗan mana. Kada ka saurare shi. Jirgin da na fara yi, na ƙara wa bututunsa tsawo don ya yi kwarjini, na sa shi a baho, nan take ya kife. Kwana huɗu na yi a kansa, kuma abin ya yi mini ciwo. Tun daga ranar ba na yanka komai sai na rubuta lambarsa a takarda.

Aikin hannu

Ku je wurin kafinta ku nemi guntun farin katako mara nauyi, wanda ya kai santimita 80 da 16 da 5. In bai samu ba, a jera gwangwala busasshiya a haɗe ta da tsinke, ta fi arha kuma ba ta nitsewa. Sai zarto, wuƙa mai kaifi, samfefa, rula, fensir, gam, ƙananan ƙusoshi, kwali mai kauri, tsinken tsire, waya, gwangwanin madara da murafunsa biyu, da ɗan fenti.

Fara da takarda. Zana siffar jirgin kamar kana kallonsa daga sama, ka ja layi a tsakiya daga goshi zuwa baya. Ninke takardar a kan layin kafin ka yanka, don dama da hagu su fito daidai. Ɗora ta a kan katako, bi gefenta da fensir, sannan ka sa zarto. Goshi ya yi ɗan tsini, baya ya tsaya a miƙe. Fere ƙasan goshin ya ɗan tashi, sauran gindin ka bar shi a shimfiɗe. Wuƙa ta riƙa tafiya waje, ba wajen cikinka ba, kuma a kau da yara daga wurin. Goga da samfefa har tafin hannu ya daina jin kaushi.

A gaba ka huda rami mai kusurwa huɗu, shi ne rumbun kaya. Bayan rumbun ka kwantar da tukunyar tururi, ka kafa bututun hayaƙi a kanta, na gwangwani da aka naɗe. Da tsinken tsire za ka yi ginshiƙai, ka ɗora musu rufin kwali ya zama bene, a kan benen ka gina ɗan ɗakin matuƙi, ta yadda zai hango ruwan da ke gabansa.

Ƙafar filafilai ta fi komai cin rai, kuma ita ce kyan jirgin. Ɗauki murafu biyu masu faɗin santimita 10, huda tsakiyarsu da ƙusa, zura waya mai kauri. Raba da'irar gida takwas: biyu, sannan huɗu, sannan takwas. A kowane gida ka liƙa fallen gwangwani tsakanin murafun. Kafa sanduna biyu su zarce bayan jirgin, ka rataya ƙafar a kansu yadda bakin filafilan kaɗai zai taɓa ruwa. Lanƙwashe bakin gwangwanin tukuna, yana yanka kamar aska.

Shafa fenti sau biyu, ka bari na farko ya bushe. Mata masu ɗinki su taimaka da buhunan kaya: buhu mai mita 1 santimita 2 ne, a cusa masa auduga.

In ya bushe sarai, sa shi a baho. Ya karkata dama, matsar da kaya hagu. Goshi ya ɗaga, liƙa ƙusa biyu ko uku a cikin rumbu.

Aikin gida

Rubuta amsa a littafinka. Tsani mai mita 3, santimita nawa zai zama? Kwale-kwalen kaya mai mita 25 fa? In ka auna sandar tuta a ɗan jirgin ka sami santimita 9, mita nawa ce a jirgin gaske?

Sannan ka nemi wani tsoho a unguwarku da ya san tashar jiragen Garwa tana aiki. Gaishe shi, ka ce, "Baba, me jirgin ke kawowa, me yake tafiya da shi?" Rubuta layi biyar daga abin da ya gaya maka, ka zo da su ran darasi na gaba, tare da katakonka da aka riga aka yi wa zane.