Ga sababbin zuwa Amurka masu aikin fasaha: yadda ake hawa mataki

'Yan'uwa, duk wanda ya kama aikin manhaja ko sarrafa bayanai a nan zai lura da abu guda tun makon farko: a ɗakin taro sau da yawa shi kaɗai ne baƙar fata. Ba sabon abu ba ne. Da Google ya fara fitar da alƙaluman ma'aikatansa a 2014, baƙaƙen fata kashi 2 cikin 100 ne kacal. Bayan kisan George Floyd, baƙar fatar da ɗan sanda ya kashe a 2020, kamfanoni sun yi ta alƙawarin gyara, amma iskar ta juya. A 2023 Kotun Ƙoli ta hana jami'o'i duba launin fata wajen ɗaukar ɗalibai, a farkon 2025 kuma Meta, kamfanin da ya mallaki Facebook, ya rufe shirye-shiryensa na daidaita wakilci, Google ma ya janye burin da ya ɗora wa kansa na ƙara ɗaukar ma'aikata daga ɓangarorin da ba su da yawan wakilci. Kada ku jingina da irin waɗannan shirye-shirye.

Abin da ya fi cutar da mu ma daga gida muka zo da shi. An tarbiyyantar da mu cewa yabon kai jahilci ne, yaro mai kunya ba ya katse babba, ba ya kallon idonsa. A nan kuwa, a manyan kamfanoni, ƙarin girma yakan bi ta hannun manajoji ko kwamitin da wasunsu ba su taɓa ganinka ba. Takarda suke karantawa. Abin da ba a rubuta ba, a wurinsu ba a yi shi ba. Saboda haka kowane mako ka rubuta abin da ka gyara, kuɗi ko lokacin da ya ceto, da waɗanda suka amfana. Idan kun zauna da manajanka, ka tambaye shi kai tsaye: me ya rage in kai mataki na gaba? Ba rashin kunya ba ne, shi ma jira yake ka tambaya.

A kula da wani tarko. Za a roƙe ka shirya bikin al'adu ko shiga hoton talla, ka ji nauyin cewa a'a. Ka yi idan kana so, amma ba kasafai ake ƙirga shi ranar hisabin aiki ba.

Mai ba ka shawara daban, mai ambaton sunanka a inda ba ka nan daban, kuma na biyun ne ke ɗaga mutum. Ana samun irinsu a ƙungiyar injiniyoyi baƙaƙen fata ta NSBE, wadda ke nan tun 1975, da AfroTech, taron baƙaƙen fata masu aikin fasaha, da Black in AI, ƙungiyar baƙaƙen fata masu aikin ƙirƙirarriyar basira. A je musu da ladabi. Baƙaƙen fatar Amurka ne suka sha duka da ɗauri har aka yi dokar 'yancin jama'a ta 1964, wadda a yau ita ce ke ba ka damar neman lokacin sallar Juma'a, ke kuma ki sa hijabinki a ofis.

Batun albashi, kada ka ce alhamdulillahi a tayin farko ka sa hannu; ana ciniki. Jihohi kamar Kalifoniya da Kolorado da Niyok sun wajabta bayyana mafi ƙaranci da mafi yawan albashi a tallan aiki, sai ka duba kafin ka buɗe baki. Mai bizar H-1B, wato bizar aiki ta ƙwararru, kuma ya tayar da maganar katin zama na dindindin tun ana tattauna kwantiragi, domin idan aka sallame shi, kwana 60 ne iyakar abin da yake da shi na samun wani kamfani ko sauya takardu.