Kurakuran da ake yawan yi kan magungunan firam ɗin sel (saitoskeletin) da haɗa DNA a fata

'Yan famasi da medisin na nan Gombe da jarabawa ta matso, ga inda ake yawan zubar da maki a banza wallahi.

Babban kuskuren shi ne a rubuta wai kolcisin ko binkiristin suna hana haɗa DNA. A'a fa. Su tubulin suke kamawa, wato furotin ɗin da ake gina maikrotubul da shi, su hana maikrotubul (zaruruwan firam ɗin sel) haɗuwa, to zaren da zai ja kuromosom gida biyu ba zai samu ba sai sel ɗin ya maƙale a matakin M (matakin rabuwar sel), alhali an riga an gama kwafe DNA tun a matakin S. In daga baya an ga haɗa DNA ya ragu a fatar, don sel ɗin da suka maƙale ba su zagayo ba ne. Masu taɓa matakin S kai tsaye daban suke, irin su haidiroksiyuriya ɗin nan da ake ba masu sikila, da kuma metotireksat.

Sai masu haɗa takzol da binkiristin a kwando ɗaya. Takzol ƙanƙame maikrotubul yake ya hana shi warwarewa, binkiristin kuwa ginawar yake hanawa, duk da dai a M ɗin za a tsaya.

Saitokalasin kuma aktin yake taɓawa, wato zaren da ke matse sel ya tsinke biyu. DNA ya kwafu, cibiya (nukiliyas) ta rabu, amma sel ya kasa tsinkewa biyu, shi ya sa za ka ga sel ɗaya da cibiya 2 a maikroskop, kar ka ce datti ne a silaid.

Wanda ya fi ruɗa mutane, ana ɗauka magungunan nan kullum rage haɗa DNA suke. A 1981 Crossin da Carney sun nuna cewa kolcisin na iya tayar da haɗa DNA a faibroblas da ke hutawa, takzol kuma ya hana hakan. Don haka kafin ka amsa duba ko sel ɗin hutawa yake ko yana tsakar rabuwa, kuma ka faɗi wane sel ne, don faibroblas na can ƙasa a damis (layin ciki na fata), keratinosait kuwa layin ƙasa na efidamis (layin waje na fata) ne mai rabuwa, na saman can matattu ne ba ruwansu da kwafe komai. In ka rubuta "sel ɗin fata" kawai ka wuce, malam zai ja maka jan biro.