Kurakuran Masu Tara Tsofaffin Kwanonin Tangaran na Sin

Babban kuskuren sabon shiga shi ne kifa kwano ya leƙa gindi, ya ga haruffan Sinanci shida, ya ce ya tsinci dami a kala. Rubutun na iya cewa an yi kwanon a zamanin Sarki Qianlong, wanda ya yi mulki daga 1736 zuwa 1795, amma hakan ba shaida ba ce. Maginan tangaran na garin Jingdezhen, a lardin Jiangxi, sun daɗe suna sa sunan sarakunan da suka shuɗe, wani lokaci don girmamawa, wani lokaci don kasuwa. Tun zamanin Sarki Kangxi, daga 1662 zuwa 1722, ake sa sunan Sarki Chenghua na ƙarni na 15 a sababbin kaya. Bayan faɗuwar daular Qing a 1912 kuwa, an yi ta buga sunan Qianlong kamar ba gobe. Sai ka gama duba yumɓu da zane da nauyi, sannan ka karanta sunan.

Launi ma yana tona asiri. Ruwan hodan nan mai taushi da ake haɗawa da zinari bai shiga aikin tangaran na Sin ba sai wajen 1720. Duk wanda ya miƙo maka kwano mai furanni ruwan hoda ya ce na daular Ming ne, wadda ta ƙare a 1644, mayar masa da abinsa cikin mutunci.

Wasu kuma datti suke saya. Masu jabu sun iya jiƙa kwano a ruwan shayi, su goga masa ƙasa a gindi. Tsufa na gaskiya yana da wurarensa: zoben gindi da ya yi santsi saboda ajiyewa da ɗauka, da 'yan ƙananan ƙarce a tsakiyar ciki. Idan ko'ina ya goge iri ɗaya, hannun mutum ne ya yi aikin. Ɗora kwanon a yatsu ka ƙwanƙwasa bakinsa a hankali. Lafiyayye yana amo kamar ƙararrawa, mai tsaga kuwa muryarsa a dushe take. Haska tocila ta baya, gyaran da aka ɓoye da fenti yakan fito duhu.

Sai wanki. A kan ƙyallin kwanon aka zana launuka irin su ruwan hodan nan, aka sake gasawa a wuta mai sauƙi, shi ya sa soson ƙarfe da bilic ke cinye su. Ruwa mai ɗumi da tsumma mai laushi sun isa, a roba, da tawul a ƙasa. Kada a ci abinci a ciki, domin akwai dalma a fentin.

Labarin ƙaramin kofi mai zanen kaji da aka sayar a gwanjon kamfanin Sotheby's a Hong Kong a 2014 kan kusan dala miliyan 36 ya ruɗi mutane da yawa. Na zamanin Chenghua ne, kuma irinsa na asali da suka rage a duniya ba su kai ashirin ba.