Yadda na gyara ma'aunin zafi mai ƙara digiri 5

Ma'aunin zafi nau'in Pt100 (wanda juriyarsa ga wutar lantarki ke ƙaruwa idan zafi ya ƙaru) da ke jikin wani tanki yana nuna kusan digiri 5 sama da ainihin zafin ruwan, amma da na cire shi na tsoma a ruwan ƙanƙara, mita ta nuna om 100 cif (da om ake auna juriya), adadin da ya kamata ya bayar a zafin ƙanƙara, wato lafiyarsa ƙalau. Matsalar tana cikin waya. An haɗa shi da waya biyu kacal zuwa allon karatu mai nisa, kuma juriyar wayoyin, zuwa da dawowa, ta kai kusan om 2. Tun da kowane digiri a wannan ma'auni yana ƙara om 0.385, allon yana lissafa juriyar wayar a matsayin zafi.

Na sauya da kebul mai waya uku masu kauri da tsawo iri ɗaya, na ɗaura jajayen biyu a ƙafa ɗaya ta ma'aunin, farar a ɗaya ƙafar, sannan na zaɓi haɗin waya uku a saitin allon domin ya riƙa cire juriyar wayar daga lissafi, matakin da ake yawan mantawa da shi. Rigar kariyar kebul kuwa, a ɓangaren allo kaɗai na haɗa ta da ƙasa, na kuma nisanta kebul ɗin daga wayoyin injuna. Bambancin ya sauko ƙasa da rabin digiri.